ALLO DA ALLI: Kafin Ka Ɗauki Hoto, Duba Inda Haske Yake

 

Duk bayan Sallah, ko bayan suna ko ɗaurin aure, akwai wata magana da ake yawan ji a gidajenmu, tun daga Aboabo har Asawase, tun daga Sabon Zango har Tafo, idan aka zauna ana duba hotunan da aka ɗauka. Za ka ji wata ta ce, "Kai, share wannan, na yi baƙi ƙirin." Wani kuma ya ce, "Wannan ai riga ce da hula kawai, ina mutumin yake?" Sai a yi dariya a wuce. To, amma duk wanda yake koyar da yara ya san inda maganar take ƙarewa. Yarinya 'yar shekara 14 za ta dubi hotonta, ta dubi na ƙawarta mai hasken fata, ta yanke wa kanta hukunci cewa fatarta ce mai laifi. Daga nan sai neman man shafawa. Tun a shekarar 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana ta hana shigo da kayan shafe-shafe masu sinadarin hydroquinone saboda illar da yake yi wa fata, amma har gobe ana neman man bilicin a ɓoye da bayyane.

Saboda haka a wannan wata zan ajiye maganar jarrabawa da kuɗin makaranta, mu yi darasi a kan haske. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, idan fuska ta ɓace a hoto, inda aka tsayar da mai fuskar ne bai dace ba. Gyaran kuwa ba ya cin ko sidi ɗaya.

ME YA SA KYAMARA TAKE ƁATAR DA MU?

Kalmar da Turawa suke kiran sana'ar hoto da ita daga harshen Girka ta fito, ma'anarta kuwa rubutu da haske. Kyamara ba ta san Alhaji ba, ba ta san amarya ba. Abin da ta sani kawai shi ne ta auna hasken da yake shigo mata, ta haɗa shi gaba ɗaya, ta yi ƙoƙarin mayar da shi tsaka-tsaki, wato launin toka wanda yake mayar da kimanin kashi 18 cikin 100 na hasken da ya faɗa masa. To, ka tsayar da dattijo cikin farar babbar riga da farar hula, a gaban farin bango, rana tana dukansa. Kyamara za ta ga fari ya yi mata yawa, sai ta rage hasken hoton duka don rigar ta fito. Rigar kuwa za ta fito har da ɗinkin aska, fuskar Alhaji ta koma duhu.

Akwai kuma tarihi a cikin maganar. Daga shekarun 1950, kamfanin Kodak na Amurka ya riƙa raba wa masu wanke hoto wani kati da ake kira Shirley, mai ɗauke da hoton wata Baturiya, domin su daidaita launin injinansu da shi. Wato fatar Bature ce ma'auni. Wata malamar jami'a a Kanada, Lorna Roth, ta bi diddigin lamarin a wani bincike da ta wallafa a 2009, inda ta nuna cewa daga cikin waɗanda suka matsa wa kamfanin ya gyara fim ɗinsa akwai masu sayar da cakulan da masu kayan katako, saboda launin kayansu ba ya fitowa daidai a talla. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fito da kati mai mata masu launin fata daban-daban.

Zuwan kwamfuta ma bai share matsalar nan take ba. A 2018 Joy Buolamwini, wadda iyayenta 'yan Ghana ne, tare da Timnit Gebru, sun gwada wasu manhajojin tantance fuska na manyan kamfanoni. A wajen maza masu hasken fata, kuskuren bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A wajen mata masu duhun fata kuwa, ya kai kusan kashi 35 cikin 100 a manhajar da ta fi muni. An samu gyara daga baya, har kamfanin Google ya fito da wani tsari mai suna Real Tone a wayoyinsa a 2021 don fatar baƙi ta fito yadda take. Amma wayoyin da suke hannun yawancinmu ba irin waɗannan ba ne, don haka dole mu taimaki kanmu.

Kada kuma wani ya ce abin ba ya yiwuwa. Seydou Keita na Bamako, wanda ya buɗe shagon hotonsa a 1948, yawancin aikinsa da hasken rana ya yi shi a tsakar gida, ya rataya zane mai ado a bayan mutum. Yau hotunansa suna rataye a manyan gidajen tarihi na duniya, kuma duk wanda ya gan su zai ga kowace fuska sarai, har da zanen gado na kumatu. A nan gida muna da James Barnor, wanda aka haifa a Akra a 1929, mai shagon Ever Young a Jamestown, wanda ya kafa wurin wanke hoto mai launi na farko a Ghana bayan ya dawo daga Ingila. Muna da Felicia Abban, wadda ta buɗe nata shagon a Jamestown a shekarun 1950, har aka nuna aikinta a bikin baje kolin fasaha na Venice a 2019. Da kayan aikin da ba su kai wayar da ke aljihunka ba suka yi wannan aiki. Abin da suka fi mu shi ne sanin haske.

DARASI NA FARKO: GUJI RANA TSAKA

Kumasi tana kusan digiri 7 ne kawai arewa da layin da ya raba duniya biyu. Rana takan fito wajen ƙarfe 6 na safe, ta faɗi wajen 6 na yamma, kusan duk shekara, kuma da tsakar rana a bisa kai take sosai. Hasken da ya sauko daga sama kai tsaye yakan haska goshi da karan hanci, ya bar idanu cikin rami. Idan mutum yana da hula ko rawani ko gwaggwaro, inuwar ta ƙara saukowa har baki. Ga shi kuma mutum yana ƙifta ido yana yamutsa fuska. Abin takaici, daidai wannan lokaci ne muka fi ɗaukar hoto, wato bayan an sauko daga Idi ko bayan Juma'a.

Lokacin da ya fi dacewa a waje shi ne da hantsi kafin ƙarfe 9, ko da la'asar sakaliya daga ƙarfe 4 da rabi zuwa kusan magariba, lokacin da rana ta karkata, haskenta ya yi laushi, yana zuwa daga gefe. Idan kuwa dole ne a ɗauka da rana tsaka, to a shiga inuwa. Amma a lura, inuwa iri-iri ce. Ƙarƙashin mangwaro ko dalbejiya akwai ɗigon rana da yake ratsowa ta cikin ganye, ya yi wa fuska dabbare-dabbare. Inuwar gini ko ta baranda ta fi, domin shimfiɗaɗɗiya ce. A tsayar da mutum a bakin inuwar, fuskarsa tana kallon fili, kada a tura shi can ciki.

Ranar da hadari ya rufe sama, kada a ce yau ba ranar hoto ba ce. Ita ce ma ranar. Gajimare yakan baza hasken rana ya zama kamar wata babbar fitila mai faɗin sama. Haka ma hazon hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu yakan tausasa haske. Sai dai a wannan lokaci ƙura takan hau gilashin kyamara, hoto ya fito kamar an ɗauka cikin hayaƙi, don haka a goge shi da ƙyalle mai laushi kafin a fara.

DARASI NA BIYU: ƘOFAR ZAURE DA TAGA

Ga wata ƙa'ida da ta kamata kowa ya haddace: idan abin da yake ba da haske yana da faɗi, kuma yana kusa da mutum, haskensa yakan yi laushi. Idan ƙarami ne, yakan yi kaifi. Wannan ya fi muhimmanci a gare mu, domin baƙar fata tana da sheƙi, kuma sheƙin nan ne yake fito da siffar fuska. Ƙaramar fitila takan bar ɗigon fari mai zafi a goshi, sauran fuska duhu. Haske mai faɗi kuwa yakan kwanta a kan kumatu da goshi a hankali, fuska ta fito da cikarta.

Babu gidan da ba shi da irin wannan haske. Ƙofar zaure ce, ko tagar ɗaki wadda rana ba ta shigowa ta cikinta kai tsaye. Zaunar da mutum taku ɗaya ko biyu daga ƙofar, ta ciki. Kada ya ba ƙofar baya, domin in ya yi haka kyamara za ta auna hasken waje, shi kuma ya zama inuwa kawai. Ya juya yadda hasken zai zo masa daga gaba ta gefe ɗaya, kamar tsakanin hancinsa da kunnensa. Kai mai ɗauka ka tsaya kusa da ƙofar ba tare da ka tare hasken ba. Sannan ka dubi idanunsa. Idan ka ga ɗan ɗigon haske yana ƙyalli a cikin kowane ido, to ka dace. Idan babu, ka ce ya ɗan ɗaga haɓa ko ya ƙara juyowa wajen ƙofar. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, fuska kuwa idanu ne suke magana a madadinta.

Idan kana amfani da taga, kashe ƙwan lantarkin ɗakin. Hasken rana da na ƙwai launinsu ba ɗaya ba ne, wani ƙwan ja-ja ne, wani kuma shuɗi-shuɗi, kuma idan suka haɗu a fuska ɗaya sai ka ga rabi wani launi, rabi wani.

DARASI NA UKU: FARIN ZANE

Idan haske ya zo daga gefe ɗaya, ɗaya gefen yakan yi duhu. Ɗan duhu kaɗan yana da kyau, shi yake sa fuska ta fito kamar a taɓa. Idan ya yi yawa, ga maganinsa: a samu farin zanen gado, ko farin mayafi, ko babban farin kwali, a ba yaro ya riƙe a ɓangaren da yake duhu, kusa da fuskar amma ba cikin hoton ba. Hasken taga zai bugi farin ya dawo kan kumatu. Matso da shi, duhun ya ragu. Ja da shi baya, duhun ya ƙaru. Gani ya kori ji, a gwada a gani.

Ga mai hula ko rawani, ko mace mai hijabi wanda bakinsa ya ɗan rufo goshi, a shimfiɗa farin a kan cinyarsa ko a riƙe shi daidai ƙirji, hasken ya taso daga ƙasa ya shiga ƙarƙashin inuwar. Tiren silba ma yana yi, har ya fi ƙarfi, amma yana kashe ido, kada a yi wa jariri ko tsoho da shi.

DARASI NA HUƊU: FAƊA WA WAYA ABIN DA KAKE SO

Yawancin wayoyin yanzu, idan ka taɓa fuskar mutum a kan gilashin wayar kafin ka ɗauka, za su auna haske daga wurin da ka taɓa. A da yawansu wata 'yar alamar rana takan fito a gefe, ka ja ta sama haske ya ƙaru, ka ja ta ƙasa ya ragu. Ka ƙara har fuskar ta yi daidai da yadda idonka yake ganinta, daga nan ka tsaya. Idan farar rigar ta ɗan ƙone, ba komai, ba rigar za a tuna ba. In kana so ka samu duka biyun, to ka koma inuwa, domin a can ratar da ke tsakanin farar riga da fuska takan ragu.

Bayan mutum ma a lura da shi. Farin bango mai rana a kansa yana ruɗa kyamara. Bango mai matsakaicin launi, ko tabarma, ko atamfa da aka rataya, ya fi. A kuma matso da mutum taku biyu daga bangon don kada inuwarsa ta manne masa.

Sai kuma wata alfarma da nake roƙo, musamman wajen 'yan mata da samari. Wayoyi da yawa suna zuwa da wani tsari na gyaran fuska a kunne, wanda yake goge fata ya ƙara mata fari. A shiga a kashe shi. Haka kuma idan aka kai hoto wajen mai wankewa, a ce masa ya bar launin yadda yake. Yaron da zai ga hoton uwarsa nan da shekara 30, uwarsa yake so ya gani.

DARASI NA BIYAR: RUMFAR BIKI DA HOTON DARE

Rumfunan haya da muke kafawa a kan titi ranar biki ko sadaka, ja ne ko shuɗi ko kore, kuma rana tana ratsa su ta zuba launinsu a kan duk wanda yake ƙasa. Shi ya sa amarya takan fito da koriyar fuska bayan an kashe kuɗin kwalliya. A fito da ita bakin rumfar, ta fuskanci waje, ko a kai ta baranda na minti biyar. Bangon da aka yi wa shuɗin fenti ma haka yake yi idan mutum ya jingina da shi.

Da dare kuwa, fitilar da take jikin waya ƙarama ce, kuma daga gaba take dukan fuska, don haka takan bar goshi yana ƙyalli, ta kuma shafe siffar fuskar. Ba ta kuma kai nisa. Ga lissafin da ɗalibaina na kimiyya suka sani: idan ka ninka nisan da ke tsakanin fitila da mutum sau biyu, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne zai same shi. Idan sau uku ne, ɗaya cikin tara. Wannan ne dalilin da ya sa a hoton taro na sahun gaba sukan yi fari fat, na baya su ɓace. A jera mutane yadda nisansu da fitila zai zo kusan ɗaya. Idan kuma taga ce a gefe, wanda ya fi duhun fata shi ya fi cancanta da kusa da ita.

Shekarun dumsor sun bar kusan kowane gida da fitilar caji. Tana da amfani a nan. Kada a haska ta a fuska kai tsaye. A juya ta ga farin bango ko farin zane da yake gefen mutum, hasken ya bugi bangon ya dawo. Bangon nan ya zama taga ke nan. In babu farin bango, a sa farar takarda ko siririn farin ƙyalle a gaban fitilar, da ɗan rata tsakaninsu. Kada kuma a ajiye fitila a ƙasa tana haska mutum daga ƙarƙashin haɓa, sai dai in dodo ake so a nuna wa yara.

Game da fata, a lokacin zafi a share gumi da hankici kafin a ɗauka. A lokacin hunturu kuwa, da fata take yin furu-furu, ɗan man kaɗanya kaɗan ya isa. Idan ya yi yawa, fuska ta koma madubi.

HOTON TAKARDA

Hoton fasfo na rajistar jarrabawa, ko na neman biza, ko na neman aiki, dokarsa daban ce. Ba a son inuwa a kowane gefe, ba a son inuwa a bango. Nan haske daga gaba ake so, shimfiɗaɗɗe. A zaunar da mutum yana fuskantar ƙofa sosai, farin kwali a bayansa da ɗan rata, wani farin a kan cinyarsa. Mai hijabi ta tabbata fuskarta ta fito tun daga goshi har haɓa, kuma idan bayan fari ne, hijabi mai launi ya fi, don kada kanta ya narke cikin bango. Mai tabarau ya duba kada gilashin ya ɗauki ƙyalli. Iyaye su dubi hoton tun a shagon, idan ba a gane yaron ba, a ce a sake. Hoton nan zai bi shi a kan takardarsa shekara da shekaru, kuma ranar da jami'i ya dubi takarda ya dubi fuska ya ce ba su yi kama ba, babu wanda zai tuna da mai shagon.

AIKIN GIDA

Malami ba ya tashi daga aji bai ba da aikin gida ba. Kakanninmu da suka biyo hanyar goro daga Kano da Katsina da Sakkwato da Gobir suka zauna a wannan gari, da yawansu sunansu kawai ya rage mana. Na bayansu kuma, a gidaje da yawa hoto ɗaya tak ake da shi, ɗan ƙarami da aka ɓalle daga tsohon fasfo na aikin Hajji. Dattawan da suke raye yau, waɗanda suka ga zamanin Nkrumah da idonsu, suna nan zaune a zaurukanmu, mu kuma muna ɗauke da kyamara a aljihu muna ɗaukar abinci da takalma.

To, kafin fitowa ta gaba, kowane gida a zaɓi safiya ɗaya. A nemi izinin Baba ko Inna ko Kaka tukuna. Wasu ba sa son hoto saboda fahimtarsu ta addini, wanda ya ce a'a a girmama shi a bar shi. Wanda ya yarda, a zaunar da shi a ƙofar zaure da hantsi, yaro ya riƙe farin zane, a taɓa fuskar a waya, a jira ɗigon haske ya fito a ido. Kada a ce masa ya yi murmushi, a tambaye shi labarin unguwar da ya taso, fuskar za ta saki da kanta. Sannan a kai a wanke hoton a kan takarda, domin waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa. A rubuta cikakken suna da shekara a baya da fensir. Tsofaffin hotunan da suke gida kuma a fito da su daga gilashi, a shimfiɗa su kusa da taga, a sake ɗaukarsu ba tare da fitila ba, a tura wa 'yan'uwa na nesa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda ya gwada, ya rubuto mana ta ofishin mujalla ya gaya mana yadda ta kaya, tare da duk wata tambaya da yake da ita. Allah ya ja kwanan iyayenmu, ya shirya mana zuriya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.